Macijiyar da Aka Bar Mini Amana

Ko da zan yi tsufan da zan riƙa neman tabarau alhali yana bisa hancina, ba zan manta da kwana huɗun da na yi ina jinyar macijiya a ɗakina na Lyon, ƙasar Faransa, ba. E, macijiya na ce. Ni da na tashi a Maraɗi, inda ko guntuwar igiya aka hango a bayan randa sai an kira maza da sanduna, ni ce na wayi gari ina roƙon Allah Ya sauki macijiya lafiya. Yau shekara biyar ke nan, amma duk lokacin da na tuna sai dariya da kunya su taso mini tare.

Macijiyar ba tawa ba ce, Allah Ya tsare. Ta ɗiyar yayana ce. Yayan nawa yana zaune a Paris, unguwar Goutte d'Or, can aka haifi yarinyar, can ta girma. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka bakina bai taɓa iya kiran sunan ba. Uwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tanti, wato goggo. Da ta samu gurbin karatun kimiyyar dabbobi a Lyon sai ta dawo wurina, a ƴan ɗakuna biyun da nake haya a Guillotière. Ranar da ta iso na ga an shigo da wani ƙaton abu an lulluɓe shi da bargo, na ɗauka talabijin ce Yaya ya aiko mini, har na soma sa albarka. Da aka yaye bargon na ga akwatin gilashi da abin da ke ciki, ban san lokacin da na haye kan kujera ina salati ba.

"Tanti, ba ta da dafi," in ji yarinyar. "Macijiyar madara ake ce masu. Tun tana kamar fensir nike kiwonta."

"Madarar wa take sha?"

"Ba ta shan madara, suna ne kawai."

"Ubanki ya san kin kawo mini wannan masiha?"

"Shi ya ce in kawo. Ya ce ke kin hi shi haƙuri."

Haka na sauko daga kujera na kafa dokoki biyu: kada a fito da ita ina gida, kuma kada daskararrun ɓerayen da ake ba ta su haɗa aljihun firijo da namana. Muka zauna a haka shekara biyu. Gaskiya ɗaya da ban taɓa faɗa wa yarinyar ba a lokacin, abar tana da kyau. Zobe-zobe ne a jikinta, ja da baƙi da fari, kamar jigida. Nakan saci kallonta daga bakin ƙofa in ina shara. Yarinyar kuwa ba mai yawan magana ba ce, amma in ta durƙusa gaban akwatin nan sai ka ji tana ta hira ƙasa-ƙasa da Faransanci, ta fi yadda take yi da mutane.

A shekara ta biyun ta kai ta wurin wani mai kiwon irinsu da ke da namiji, aka haɗa su, ta dawo da ita. Ba a jima ba cikin ya fito, ta daina cin abinci, sannan ta yi saɓa. Yarinyar ta ce mini daga saɓar nan sai an ƙirga kamar kwana goma kafin ta saka ƙwai. Ta sa mata ƴar roba mai murfi, da rami a sama, ta cika ta da gansakuka mai laima, ta ce nan ne ɗakin haihuwar. Matsalar ita ce a makon nan ne za ta tafi Paris rubuta jarrabawar shiga makarantar likitocin dabbobi, wadda ta shekara biyu tana yi wa shiri. Talata da Laraba rubutu, Alhamis ta baki, Juma'a ta dawo. A lissafinta za ta dawo da sauran kwana biyu ko uku.

Ranar Lahadi ta ɗora jaka a kafaɗa ta miƙo mini ƴar kwalbar feshi.

"Ba wani aiki ba ne, Tanti. Ki hesa ruwa bisa gansakuka sahe da marece, ki duba ma'aunin zahi. In kin ga wani abu, ko mine ne, ki kira ni. D'accord? Kin ji?"

Na ce to, Allah Ya ba da sa'a.

Ashe macijiya ba ta san lissafin kowa ba. Litinin da safe na zo da kwalbata, na miƙa hannu daga nesa na ɗaga murfin robar da ludayin miya, sai ga ƙwai shida farare, dogaye, sun manne da juna. Har na yi murna. Amma da na duba uwar sai na ga can ƙasa, kusa da wutsiya, akwai kumburi biyu a jere. Na ce a raina hutawa take yi, ai ko mace mai tagwaye takan numfasa tsakani. Na tafi aikina wurin tsohuwar da nake kula da ita a gidanta. Da na dawo da la'asar kumburin yana nan inda na bar shi. Sai macijiyar ta shiga roba, ta fito, ta bi jikin gilashi, ta ɗaga wutsiya tana yunƙuri, ba abin da ke fitowa. Ban san komai game da maciji ba, amma na san naƙuda in na gan ta.

Maimakon in kira mai abu, sai na kira ubanta. Muka gaisa a gaggauce, na zayyana masa.

"Kada ki kuskura ki hwaɗa mata," in ji shi.

"Yaya, ta ce ko mi na gani in kira ta."

"Gobe take shiga jarrabawa. Kin san halinta. In ta ji, jirgin ƙasa za ta hau ta taho Lyon, wahalar shekara biyu ta tahi a banza. Saboda maciji? Ki bari, Juma'a ta dawo ta gani da idonta."

Kada mai karatu ya ɗora wa Yaya laifi shi kaɗai, don abin da ya faɗa shi ne abin da kunnena ke son ji. Haka muka tashi. Ba a gaya wa matafiyi mugun labari, ba a gaya wa mai ciki, ba a gaya wa wanda ke kwance, balle ɗan makaranta mai jarrabawa. Sai a ce a bari hankalinsa ya kwanta tukuna. A wurinmu wannan tausayi ne, har yabon mutum ake yi a ce wance tana da zurfin ciki. Don haka da yarinyar ta kira bayan magariba ta ce, "Tanti, ita hwa?" sai na ce, "Lahiya lau, Uwata, ke dai ki yi karatunki." Ko nauyin maganar ban ji ba.

Talata abin ya canza. Ta daina zagaye. Ta miƙe a gefen gilashi kamar tsohon bel, harshen nan da kullum yake leƙe sai an daɗe kafin ya fito. Na je aiki amma hankalina na gida, har tsohuwar ta tambaye ni ko wani ne ba lafiya a ƙasarmu. Da na dawo na ce ba zan zuba ido amana ta mutu a hannuna ba. Sai na tuna Inna, mahaifiyarmu, da kajinta. In ƙwai ya tokare wa kaza, Inna takan zaunar da ita cikin ƙwaryar ruwan ɗumi, ta lakato man gyaɗa ta shafa mata a mafita, sannan ta riƙa matsa cikin a hankali da babban yatsa har ƙwan ya faɗo. Na ce ƙwai dai ƙwai ne.

Na zuba ruwan ɗumi a wata roba, na ɗauko man girki, na zura safar hannun wanke-wanke har gwiwar hannu. Bisimillar da na yi a wurin ta isa a yanka raguna goma. Na sa hannu na ɗauko ta. Na ɗauka za ta yi tsalle ko ta sare ni, amma sai ta zube a hannuna ba wani ƙarfi, kuma wannan ya fi tsorata ni. Na sa ta a ruwan, na shafa man, na lalubo kumburin. Ƙwan yana nan da tauri a ƙarƙashin yatsana. Na soma matsawa. Sai ta zabura ta naɗe wutsiyarta a wuyan hannuna, ta ƙanƙame.

A nan ne sauran labarin kajin Inna ya dawo mini, wanda na tsallake. Wasu kajin kan tashi, gaskiya ne. Amma da yawa, bayan matsar, sai a ga sun langwaɓe, Inna ta ƙwala wa Baba kira ya zo da wuƙa kafin su zama mushe, da yamma a ci farfesu. Kazar Inna in ta ƙi tashi akwai tukunya. Wannan fa? Me zan nuna wa yarinya ranar Juma'a? Na sassauta yatsa, na goge ta da tawul, na mayar da ita. Na zauna a ƙasa da safar wanke-wanke a hannu ina hawaye, ni uwar mata, a kan macijiya. Duk da haka da waya ta yi ƙara bayan magariba, bakina ya sake cewa lahiya lau.

Laraba da azahar yarinyar ta kira, ta fito daga takarda ta biyu, muryarta da fara'a.

"Tanti, ɗauko mini hotonta in gani, na yi kewarta."

"Kamarar wayata ta lalace," na ce.

Sannan ta ce, "To, Tanti," ta kashe.

Wannan ƙaryar ce ta tsaya mini a rai. Ta farko gadonta na yi, wannan kuwa ni na ƙera ta da kaina. Na tayar da sallar azahar, na kasa sanin raka'a ta nawa nake. Ina sallamewa, ko addu'a ban shafa ba, na jawo wayar na kira ta, na kwashe komai na faɗa mata.

Na shirya jin kuka ko ihu. Ba ko ɗaya. Muryarta ta koma ta wata babbar mace da ban sani ba.

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin da sahe."

"Kin matsa cikin?"

"Kaɗan. Na bari."

"Alhamdu lillahi da kin bari. Écoute, saurara, Tanti, kada ki sake taɓa wurin. Ki sa ta cikin rigar matashi, ki ɗaure bakin, ki sa cikin kwali. Ki cika gora da ruwan ɗumi ki naɗe da tawul ki aje gehe. Ƙwai shidan ki bar su yadda suke, kada ki juya ko guda, ki mayar da murhin kawai. Akwai likitar da ke duba irinsu, zan kira ta yanzu in turo miki adireshi."

"Uwata, don Allah kada ki taho. Ki tsaya ki gama jarrabawarki."

"Wa ya ce zan taho? In na taho mi zan yi da likita ba za ta yi ba? In sani kawai nike so, Tanti." Ta ja numfashi. "Haka kuka yi mini da rasuwar Inna. Kwana tara ina gaishe ku kuna ce mini lahiya lau."

Wallahi gaskiya ta faɗa. Inna ta rasu a Maraɗi lokacin yarinyar tana rubuta jarrabawar bak ta gama sakandare, ni da Yaya muka haɗa baki muka ɓoye mata har ta gama. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, mu kuma muka ɗauka ta wuce. Amma ba lokacin tsayawa ba ne, don adireshin ya riga ya shigo.

Na yi duk yadda ta ce, na sa kwalin cikin jakar cefane na fita. A bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi kiciɓis da wata Hajiya ƴar unguwarmu, irin waɗanda in suka kama gaisuwa sai sun tambayi har maƙwabtan kakanka. Ta ɗora hannu a kan jakar.

"Mi kika samo muna daga kasuwa?"

"Marar lahiya ce, Hajiya, likita zan kai ta."

Ta dubi jakar, ta dube ni, ta janye hannu a hankali ta ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ban taɓa rabuwa da ita da wuri kamar ranar ba. Na shiga metro, na sauka na hau bas, jaka a kan cinya na rungume, duk tsayawar da direba ya yi sai in ji kamar in sauka in tura motar.

Likitar ƴar siririya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta zaro macijiyar daga rigar matashi kamar mai ɗaukar jariri, ta shafa ta daga kai zuwa wutsiya, ta shiga da ita aka ɗauki hoton cikin. Ta dawo ta nuna mini a allo: ƙwai biyu, na gaban ya fi sauran girma, shi ya toshe hanya. Na gaya mata zancen man girki, don na riga na gaji da ɓoye-ɓoye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce hanyar da ƙwan ke bi ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, da na ƙara ƙarfi da ta yage, kuma in ta yage sai dai wani ikon Allah. Ta ce jira ma haɗari ne, don in ƙwai ya daɗe a ciki sai ya daskare ya manne da jiki, daga nan ba abin da ya rage sai a tsaga ta, ga shi kuma ta galabaita.

Sannan ta tambaye ni me ya sa na jira kwana uku. Na ce mai ita tana jarrabawa. Ta tsaya tana kallona tana jiran ƙarshen maganar, don ita ba ta ga abin da ya haɗa wannan da wancan ba. Na nemi Faransancin da zan yi mata bayani na rasa. Da na juya shi da Hausa a raina ma sai na ji bai zauna ba.

Ta ɗan sa mata maganin barci, ta soka wata siririyar allura ta gefen ciki har cikin ƙwan gaba, ta zuƙe ruwan da ke ciki har ya motse. Ta ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fata, ta yi mata wata allurar ta ƙarin ƙarfi. Ta ce in bar ta wurinsu, in zuwa gobe ta fitar da kanta shi ke nan, in ba ta fitar ba sai tiyata, kuma ba za ta yi mini alƙawarin za ta tashi ba. Ina fita na kira yarinyar. Raina ya so in tsaya a kan rabin mai daɗi, amma na faɗa mata duka, har tiyatar, har rashin alƙawarin.

"Na gode, Tanti," ta ce. "Yanzu na iya zama in yi karatu."

Alhamis tun ba a buɗe asibitin ba ina tsaye a bakin ƙofa. Da aka kira ni ciki, likitar ta fito da ɗan faranti a hannu. Ga motsattsen ɓawon ƙwan farko, ga na biyun a gefensa lafiyayye, ya biyo bayansa da kansa. Ta nuna mini akwati, sai ga mutuniyar ta tsoma baki a kofin ruwa tana sha, harshe na leƙe. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Wani kare da ke jiran layi ya kama haushi, mai shi ya rungume shi, likitar ta dafe ƙirji tana dariya. Ban damu ba. Wani nauyi da na kwana uku ina ɗauke da shi ne ya sauka. Na ɗauki hoto na tura Paris, saura awa guda ta shiga jarrabawar baki. Amsa ta zo nan take: "Alhamdu lillahi! Tanti, ashe kamarar ma ta warke?"

Ƙwai biyun nan ba su yi ba. Cikin shidan kuwa biyar suka ƙyanƙyashe bayan wata biyu, kuma likitar ta ce a hutar da uwar, kada a sake haɗa ta da namiji sai ta murmure sosai. Yarinyar ta ci jarrabawarta, da labarin a cikinta ta shiga ta ci.

Da Babbar Sallah na je Paris wurin Yaya. Bayan mun ci mun sha ya kama tsokanata, wai ga ungozomar macizai ta iso. Na bar shi ya gama dariyarsa, sannan na ɗauko maganar Inna a gaban yarinyar. Fuskarsa ta canza.

"Don alheri muka yi," in ji shi.

"Na sani, Baba," ta ce. "Amma ku kun yi kukanku tare, kun amshi gaisuwa tare. Ni lokacin da aka hwaɗa mini kun riga kun share hawaye. Ni kaɗai na yi nawa cikin ɗaki."

Yaya ya cire hula ya daɗe yana shafa kai. Ban taɓa jin ya nemi gafarar ɗan da ya haifa ba sai ranar.

"Ki yahe muna," ya ce.

"Na yahe, Baba."

Abin da na koya shi ne, labarin abu haƙƙin mai abu ne, mai daɗi ko marar daɗi, kuma a kan lokacinsa. Muna cewa tausayi ke sa mu ɓoye, amma sau da yawa kanmu muke tausaya wa, don ba mu son mu zama bakin da ya faɗa. Bara likita ya ga wani ƙulli a jikina ya ce sai an yi bincike. Yarinyar tana tsakiyar karatunta mafi wuya, Yaya ma ya ce in bari sakamako ya fito tukuna. Ban ko fita daga harabar asibitin ba na kira ta, muka gaisa, na ce, "Uwata, samu wuri ki zauna, akwai magana." Ranar da za a ba da sakamakon tana zaune kusa da ni, hannuna cikin nata, kuma tare muka ji likita ya ce ba komai ba ne.